Polima Mai Kafofi da Aikinta Wajen Fid da Ƙarafa Masu Guba daga Ruwa

Gabatarwa

Idan ruwa ya gurɓace da laka, ido zai gani, a sa masa alif ko ƙwayar zogale ya kwanta. Idan ƙwayoyin cuta ne a cikinsa, tafasawa tana kashe su. To, akwai wata gurɓacewa ta uku wadda ido ba ya gani, harshe ba ya ji, wuta kuma ba ta maganinta, watau narkewar ƙarafa masu guba, irin su dalma da zaiba, a cikin ruwa. Wanda ya tafasa irin wannan ruwa ƙara masa ƙarfi ya yi, domin tururi zai tashi ya bar ƙarfen a cikin ɗan ruwan da ya rage a tukunya.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba ɗaya daga cikin hanyoyin da masana kimiyya suka ɓullo da su don fid da waɗannan ƙarafa, watau amfani da wani abu da ake kira polima mai kafofi. Za a bayyana mene ne shi, yaya yake kama ƙarfe, da kuma ma'aunin da ya kamata a auna shi da shi. Abin da nake so malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su riƙe tun daga farko shi ne, ƙarfe ba ya mutuwa kamar yadda ƙwayar cuta take mutuwa. Iyakar abin da tacewa take yi shi ne ta ɗauke shi daga wuri ta kai shi wani wuri. Saboda haka darajar matacin tana ga iya zaɓen abin da zai kama, da araharsa, da kuma makomar abin da ya kama.

Ƙarafan da ake magana a kansu

Masana sukan kira su ƙarafa masu nauyi, galibi suna nufin waɗanda nauyinsu ya kai ninki biyar na nauyin ruwa ko fiye. Dalma ta ninka ruwa nauyi sau 11 da ɗoriya, zaiba sau 13 da rabi. Sunan bai dace ba sosai, domin baƙin ƙarfe ma ya ninka ruwa kusan sau 8, alhali jiki yana bukatarsa don yin jini. Asanik kuwa, wanda ake lissafawa a cikinsu, rabi ƙarfe ne rabi ba ƙarfe ba. Abin da ya tara su shi ne guba da kuma taruwa a jiki sannu a hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa kowannensu iyaka a ruwan sha. A cikin lita ɗaya, kada dalma ta wuce maikirogiram 10, asanik ma 10, zaiba 6, kadmiyam 3, kuromiyam 50. Maikirogiram kuwa shi ne kashi ɗaya idan an raba giram gida miliyan. Watau giram guda na dalma ya isa ya kai lita dubu ɗari ta ruwa bakin iyaka. Ita dalma ma, hukumar ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa tun tana tasowa, illar kuma ba ta gyaruwa.

Ƙasar Jafan ce ta fara nuna wa duniya girman wannan bala'i. A 1956 aka gane wata cuta a garin Minamata, wadda take sa karkarwa da sanƙarewar gaɓoɓi da gushewar gani. Daga baya aka tabbatar zaibar da masana'antar Chisso take zubarwa a teku ce ta taru a jikin kifi, mutane suka ci. A yankin Toyama kuma, kadmiyam daga mahaƙar Kamioka ya bi kogin Jinzu ya shiga fadamun shinkafa, ya lalata ƙoda da ƙasusuwan manoma, musamman mata. Gwamnati ta amince da musabbabin cutar a 1968. A Bangaladash, rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa don tserar da jama'a daga kwalara sai suka zo da asanik daga cikin ƙasa, mutane miliyoyi suka sha shi shekara da shekaru.

Mu ma ba mu tsira ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dutsen zinariyar da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Za mu komo ga Zamfara nan gaba, domin akwai darasi a cikinta game da iyakar abin da matacin ruwa zai iya.

Mece ce polima, kuma me kafofi suke yi?

Kalmar polima daga Girkanci take, ma'anarta "mai sassa da yawa". A ɗauki carbi: ƙwaya ɗaya ce ake maimaitawa a jikin zare har ya yi tsawo. Haka polima take, ƙaramin sinadari guda ne ake sarƙafawa sau dubbai. Auduga polima ce, haka ƙaro da danƙo da sitaci, haka leda da robar bokiti. Bajamushe Hermann Staudinger ne ya tsaya a kan wannan bayani tun 1920, abokan aikinsa suka yi ta musu, har aka ba shi lambar Nobel a 1953. Idan aka ɗaure zaruruwan da juna ta gefe da gefe, sai su zama kamar komar masunta. Irin wannan polima ba ta narkewa a ruwa, kuma wannan sharaɗi ne ga duk abin da za a tace ruwan sha da shi.

Kafofi kuwa, duk mai randa ya san su. Randar ƙasa tana yin gumi ne saboda ƙananan hanyoyin da suke cikin jikin yumɓun. Amfanin kafofi a nan shi ne yawaita fuskar da ruwa zai taɓa, domin ƙarfen da ya narke a fuskar abu yake maƙalewa. Ya kamata a bambanta wannan da tsotsa. Soso yana tsotse ruwa duk da abin da yake ciki, a matse ya fito yadda ya shiga. Maƙalewa kuwa ita ce ruwan ya wuce, ƙarfen ya tsaya a jikin bango.

Ga ɗan lissafi da zai nuna muhimmancin fuska. A ɗauki ƙwayar sukari mai kusurwa, kowane gefe santimita ɗaya. Fuskokinta shida ne, jimlarsu murabba'in santimita 6. A yanka ta ƙanana masu gefen milimita ɗaya, za a sami guda 1,000, jimlar fuskarsu murabba'in santimita 60. Nauyi bai ƙaru ba, fuska ta ninka sau goma. In aka ci gaba da yanka har gefen kowace ya zama nanomita 10, jimlar fuska za ta kai murabba'in mita 600. Nanomita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Polima mai kafofi tana samun wannan faɗi ba tare da ta zama ƙura ba, domin a cikinta aka yi yankan. Masana sun kasa kafofin gida uku: ƙanana, ƙasa da nanomita 2, matsakaita, daga 2 zuwa 50, manya, sama da 50. Ƙananan ne suke ba da faɗin fuska, manyan kuma su ne titin da ruwa yake bi ya isa gare su. Abin da yake da ƙanana kaɗai kamar gari ne mai ɗakuna dubbai amma babu lungun shiga.

Mai karatu zai ce, ai gawayi ma yana da kafofi. Haka ne. Gawayin da aka gasa da tururi yakan kai murabba'in mita 1,000 a giram ɗaya, ga shi da araha, har yau kuma shi ne aka fi amfani da shi wajen kawar da wari da launi. Rauninsa shi ne bai ƙware wajen zaɓen ƙarfe ba. Fifikon polima shi ne mai yin ta yana iya tsara girman kafofinta, ya kuma dasa a bangonsu irin ƙugiyar da yake so.

Daga faifan garmaho zuwa ƙwayoyin rezin

Ƙarfe idan ya narke a ruwa yana yawo ne a matsayin ƙwayar zarra mai cajin lantarki, wadda ake kira ayon. Dalma da kadmiyam da zaiba suna ɗauke da cajin ƙari, irin alamar da take kan batir. Tun 1850 wasu Turawan Ingila biyu, Thompson da Way, suka lura ƙasar noma tana riƙe wani ayon ta saki wani a madadinsa. Wannan shi ne musayar ayon. A 1935 Adams da Holmes, su ma a Ingila, suka ga garin fasasshen faifan garmaho yana yin wannan aiki, daga nan suka haɗa polima ta farko da aka yi musamman don musayar ayon. A tsakiyar shekarun 1940 D'Alelio a Amurka ya yi ta da polistarin, watau dangin farin soson nan mara nauyi da ake naɗe rediyo da firji a cikinsa, ya dasa mata ƙugiya mai cajin ragi. Ana yin ta ƙwayoyi ƙwayoyi, ba su kai ƙwayar gero ba, ana kiransu rezin. Wajen ƙarshen shekarun 1950 masanan kamfanin Rohm and Haas suka gano yadda za a bar manyan kafofi na dindindin a cikin ƙwayoyin. A farkon shekarun 1970 kuma Davankov da Tsyurupa a Mosko suka ɗaure zaruruwan polistarin da juna tun suna kumbure a cikin sinadari, har suka kasa komawa su matse, aka sami fuska mai kusan murabba'in mita 1,000 a giram.

Yadda ake aiki da rezin ba wuya. Ana cika bututu da shi, ruwa ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Ƙwayoyin sama ne suke fara cika, sannan na ƙasansu, har ranar da ƙarfe zai fara ɓullowa ta ƙasa.

Matsalar zaɓe

A nan ne ainihin wahalar take, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe. Ruwan rijiya ba dalma kaɗai yake ɗauke da ita ba. Akwai kalsiyam da maganiziyam, waɗanda suke sa sabulu ya ƙi kumfa, su ma cajin ƙari gare su, ba sa cutarwa, kuma sun fi dalma yawa nesa ba kusa ba.

Mu ƙaddara gida mai mutum goma, kowa yana bukatar lita 5 a rana don sha da girki, watau lita 50. Mu ƙaddara ruwan rijiyarsu yana da miligiram 0.1 na dalma a lita, ninki goma na iyakar da aka sa. Dalmar da za a cire a rana miligiram 5 ce, a shekara miligiram 1,825, bai cika giram biyu ba. Polimar da giram ɗinta yake riƙe miligiram 50 na dalma, giram 37 nata ya isa shekara, a kan takarda. To, mu ƙaddara ruwan yana da miligiram 50 na kalsiyam a lita, abin da ba baƙo ba ne a ruwan rijiya. Kalsiyam ɗin rana guda miligiram 2,500 ke nan, ya ninka dalmar sau 500. Rezin irin na D'Alelio yana riƙe kimanin miligiram 100 na kalsiyam a giram, saboda haka giram 37 ɗin nan zai cika da kalsiyam kafin kwana biyu. Tarkon da aka ɗana wa gafiya, kaji sun cika shi.

Maganin wannan shi ne ƙugiya mai zaɓe, kuma abin sha'awa, misalinta yana cikin tandun kwalli na iyayenmu mata. Tozalin dutse mai walƙiya, mafi yawansa haɗin dalma ne da farar wuta. Shi ne kuma babban dutsen da ake fid da dalma daga cikinsa a duniya. (Wannan ma shi ya sa sa wa jarirai shi yake da haɗari, a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani tozali daga Nijeriya da aka samu kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ne.) Zaiba ma a haɗe da farar wuta ake haƙo ta, a cikin wani jan dutse. Kalsiyam kuwa a cikin farar ƙasa da alli ake samunsa, a haɗe da oksijin. Watau tun a cikin ƙasa kowane ƙarfe ya nuna abokin da yake so. A 1963 Ralph Pearson ya tsara wannan a matsayin ƙa'ida. Ya ce akwai ƙarafa "masu tauri", ƙanana masu riƙe lantarkinsu gam, irin su kalsiyam, waɗanda suka fi son oksijin. Akwai "masu laushi", manya, irin su zaiba da kadmiyam, waɗanda suka fi son farar wuta. Dalma da jan ƙarfe suna tsakani, suna karɓar naitirojin da farar wuta duka.

Don haka mai son kama zaiba sai ya dasa farar wuta a bangon kafofin polimarsa, kalsiyam zai wuce bai waiwaya ba. Tsohon sunan da Zeise, masanin ƙasar Denmak, ya ba irin wannan sinadari a shekarun 1830 ma'anarsa a Latin "mai kama zaiba". Mai son dalma da jan ƙarfe da kadmiyam kuma yakan dasa ƙugiya mai hannu uku, naitirojin ɗaya da oksijin biyu, ta riƙe ƙarfen ta ɓangarori kamar yadda ƙaguwa take damƙe abu. Daga sunan hannun ƙaguwa a Girkanci ma aka samo sunan wannan irin riƙo a 1920. Irin waɗannan rezin suna kasuwa tun da daɗewa, masana'antun da suke yin sinadarin kulorin da zaiba sun yi shekaru suna tace ruwansu da su.

Ya kamata a lura, maganin da likitoci suka ba yaran Zamfara, mai suna DMSA, a kan wannan ƙa'ida yake. Ƙaramin sinadari ne mai hannu biyu na farar wuta, yana damƙe dalma a jini ya fita da ita ta fitsari. Bambancin kawai shi ne, a jikin polima an ɗaure hannuwan a bango don kada su bi ruwa.

Asanik da wani nau'in kuromiyam suna da nasu hali, domin a ruwa sukan haɗu da oksijin su ɗauki cajin ragi, sai ƙugiyar da take kama dalma ta tunkuɗe su. Arup SenGupta na Jami'ar Lehigh a Amurka ya warware wannan ta hanyar cusa ƙananan ƙwayoyin tsatsa a cikin kafofin rezin mai cajin ƙari. Rezin ɗin yana jawo asanik ciki, tsatsar ta riƙe shi. A nan aikin polima shi ne ta zama gida ga tsatsar da, in ita kaɗai ce, za ta toshe bututu. Tsamin ruwa ma yana da tasiri, domin a ruwa mai asid da yawa ƙugiyoyin sukan saki ƙarfen da suka kama.

Sababbin polima da batun tsada

Daga shiga wannan ƙarni aka sami sababbin iri a jere. A 2004 Budd da McKeown a Manchesta suka yi polima mai zaruruwa masu tauri da karkata, waɗanda ba sa iya kwanciya a jikin juna, dole su bar gurabe. A 2005 Omar Yaghi da abokansa suka yi wadda kafofinta suke a jere daidai kamar saƙar zuma. A 2009 masana a Jami'ar Jilin ta ƙasar Sin suka fito da wadda suka kira PAF-1, mai fuskar murabba'in mita 5,600 a giram ɗaya, watau fiye da eka guda. A 2014 Shengqian Ma da abokan aikinsa a Filorida suka dasa mata ƙugiyoyin farar wuta. Giram ɗaya nata ya riƙe zaiba fiye da miligiram 1,000, watau fiye da nauyin kanta, ta kuma sauko da zaibar ruwa daga maikirogiram 10,000 a lita zuwa ƙasa da rabin maikirogiram.

Alƙaluman suna da ban sha'awa, amma a ganina ɗalibi ya yi hattara da su. Irin wannan gwaji galibi a ruwa mai tsabta ake yin sa, wanda aka zuba wa ƙarfe ɗaya da gangan, babu laka, babu ruɓaɓɓen ganye. Ita PAF-1 ana haɗa ta ne da wani sinadarin nikel mai tsada wanda iska take lalata shi, kaɗan kaɗan ake yi a ɗakin gwaji. Na farko cikin masu saƙar zuma ɗin nan kuwa, ruwa ma yana wargaza su. Yawancinsu kuma gari ne, gari kuwa idan aka cika bututu da shi ruwa ba ya wucewa sai da famfo mai ƙarfi. Mu koma ga lissafinmu na gida mai mutum goma. Idan ƙarfen da za a cire a shekara bai cika giram biyu ba, ko polima tana riƙe miligiram 50 a giram ko 1,000, abin da ake bukata bai wuce cikin tafi ba. Babu wanda wurin ajiya ya dama. Kuɗin sayensa da iya zaɓensa su ne abin dubawa.

Shi ya sa aikin Justin Chalker na Jami'ar Flinders a Ostareliya ya fi jan hankalina. Farar wuta shara ce a matatun man fetur, ana fid da fiye da tan miliyan 60 a shekara a duniya, har ana tara ta tsibi tsibi. A 2013 Jeffrey Pyun a Arizona ya nuna ana iya narka ta a haɗa da ɗan wani sinadari ta zama polima. Chalker ya fara haɗa ta da man ɓawon lemo, ya sami jan danƙo wanda yake komawa rawaya idan ya taɓa zaiba. A 2017 ya haɗa ta da man girki, har wanda aka riga aka yi suya da shi, a zafin digiri 180, ya cuɗa da gishiri. Da abin ya daskare sai a wanke gishirin da ruwa, guraben da ƙwayoyinsa suka bari su zama kafofi. Fuskarta ba ta kusa da ta PAF-1 ba, amma kayan haɗinta farar wuta ne da mai da gishiri. Masu haƙar zinariya da hannu, waɗanda da zaiba suke tattara zinariyar, su ne suka fi kowa sakin zaiba a duniya, kuma su aka nufa da wannan aiki. Yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba ta fara aiki a 2017, Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018.

Abin da matacin ba zai iya ba

A Zamfara, babbar hanyar da dalma ta bi ta shiga jikin yara ita ce ƙura da ƙasar tsakar gida, inda suke rarrafe suna sa hannu a baki, da kuma hatsin da aka daka a turmin da aka daka dutse. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna ruwa a ƙarshen 2010 ta sami dalma fiye da iyaka a wasu rijiyoyi da kududdufai, ta kuma danganta ta rijiyoyin da ƙurar da take faɗawa ciki. Aikin da ya ceci rayuka shi ne kankare ƙasar gidaje a kwashe, a zuba sabuwa, a fid da niƙan dutse daga cikin gari, sannan a ba yara magani. An kammala wannan a Bagega, mafi girman ƙauyukan, a 2013. Da an raba wa kowane gida polima mafi kyau a duniya an bar ƙasar, da yaran sun ci gaba da mutuwa. Bugu da ƙari, dalmar da take cikin ƙura ba narkakkiya ba ce, ƙugiya ba ta kama ta, sai an fara tace ruwan da yashi ko an kwantar da shi, a kuma yi wa rijiya murfi da baki.

Inda polima ta fi dacewa shi ne bakin magudanar masana'anta, kafin ruwan ya gauraya da kogi. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano da gishirin kuromiyam suke jeme fata, ragowarsa kuma yana bin ruwa zuwa kogunan Challawa da Jakara, inda manoman rani suke ban ruwa. A irin wannan wuri ana fara kwantar da mafi yawan ƙarfen da sinadari mai kaifin kanwa, kamar farar ƙasa da aka gasa, domin ita ce hanya mai araha. Rezin sai ya zo daga baya ya tsince ɗan abin da ya rage. Ribar ita ce kuromiyam da aka kama ana iya mai da shi cikin jima.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Matacin da ya cika, ruwan da yake fitowa daga cikinsa garau yake kamar na ranar farko. Ba a gane cikarsa sai da na'urar awo a ɗakin gwaji, kuma cikakken rezin yana iya sakin ƙarfen da ya tara idan tsamin ruwa ya sauya. Matacin da babu mai auna ruwansa lokaci lokaci yana iya sa mutane su sake jiki da ruwan da a da suke gudu.

Ina ƙarfen yake zuwa?

Idan rezin ya cika ana wanke shi da asid, ya saki ƙarfen, a sake amfani da shi sau da yawa. Abin da ya fito ɗan ruwa ne kaɗan mai guba ƙwarai, watau dalmar lita dubbai ta taru a lita kaɗan. Sai an daskarar da ita ta zama laka, a kai wa masu narka dalma, ko a binne a rami mai shimfiɗar da ba ta yoyo. Rezin mai farar wuta kuwa riƙonsa ga zaiba ya yi ƙarfin da wanke shi yana da wuya, sau da yawa ajiye shi ake yi gaba ɗaya a matsayin shara mai guba. In aka jefa shi a bola aka cinna wuta, zaibar za ta tashi tururi mutanen unguwa su shaƙa, abin da ya fi shan ta a ruwa muni.

Akwai kuma wata ƙofa da take buɗe ga masu bincike na jami'o'inmu. Cikin kayan da Adams da Holmes suka haɗa rezin ɗinsu na 1935 har da sinadarin jima na itatuwa, wanda ake kira tanin, shi ne mai sa baki ya yi bauri. Yana da hannuwan oksijin a jere, kusa da kusa, masu damƙe ƙarfe. A ƙarshen shekarun 2000 Antonio Pizzi da abokansa a Faransa sun yi soso mai tauri daga tanin na ɓawon itace, suka gwada shi a kan jan ƙarfe da dalma, ya kama. Bagaruwar da majeman gargajiya suke jima da ita tun kafin zuwan kuromiyam, 'ya'yanta cike suke da tanin. Tanin shi kaɗai narkewa yake yi a ruwa, don haka aikin da yake gaban mai bincike shi ne ya ɗaure shi ya zama koma, ya buɗa masa kafofi, sannan ya gwada shi da ruwan magudanar Challawa kamar yadda yake fitowa, da gishirinsa da kitsensa da gashinsa, ya auna kwana nawa zai yi kafin kuromiyam ya ɓullo ta ƙasan bututu.